Hajiya Gambo Sawaba da Ƙofar Majalisar Birnin Zariya

A zamanin da aka fara siyasar jam'iyyu a Jihar Arewa an yi mutum biyu a Zariya waɗanda a ke kira Gambo Sawaba, ɗaya namiji, ɗaya mace, dukansu kuwa 'yan jam'iyyar NEPU ne. Masu ba da labarin jam'iyyar sun ce namijin, watau Alhaji Gambo Sawaba, sau biyu a na zaɓensa ya shiga majalisar birnin Zariya. Macen kuwa, wadda sunanta ya game Nijeriya har ya rufe nasa, a shekarun nan doka ba ta yarda ta tsaya takarar kujerar majalisa ba, ba ta ma yarda ta jefa ƙuri'a ga wanda zai hau kujerar ba. Tun daga zaɓen farko na 1951 har zuwa 1976 haka al'amarin ya zauna ga matan Arewa duka. Tarihin Hajiya Gambo Sawaba tarihin wannan ƙofa ce da aka rufe, da abin da mace guda ta sha a bakinta.

Rufewar ba abin da aka gada tun fil azal ba ne a ƙasar Zazzau. Sunan birnin kansa, bisa ga labarin da aka sani, na mace ne, watau Zariya 'yar Bakwa Turunku, ƙanwar Amina. Malaman tarihi sun saɓa a kan zamanin Amina: littafin Tarihin Kano ya sa ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, cikin ƙarni na 15, waɗansu kuwa suka ce ƙarni na 16 ne. Amma ba a saɓa ba a kan girman ambatonta, don Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya kawo labarin yaƙe-yaƙenta cikin Infaƙul Maisuri, har yau kuma a wurare da yawa in an ga tsohuwar ganuwa sai a ce ganuwar Amina ce. Abin da ya fi wannan ƙarfi wajen hujja shi ne tsarin sarautun Haɓe. Sa'ad da Malam Musa ya ci Zariya a farkon ƙarni na 19, Sarki Makau ya fita ya yi kudu da jama'arsa, ɗan'uwansa da mutanensa suka kafa Abuja ta dā, wadda a ke kira Suleja yanzu, suka riƙe tsarin da suka fito da shi. Cikin tsarin nan akwai sarautun mata na gidan sarki, Iya da Sarauniya da Magajiya, kowacce da matsayinta a fada da mutanen da ke ƙarƙashinta. Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi sun bayyana su cikin tarihin Abuja da suka rubuta, M. G. Smith kuma ya bi diddiginsu cikin littafinsa na mulkin Zazzau wanda ya fito a 1960.

A Zariya kuwa sarautun nan sun sake hali a hannun gidajen sarautar Fulani. Iya ta koma sarautar maza, har ta zama ɗaya daga manyan sarautun 'ya'yan sarki. Magajiya ta sauko daga fada, a hankali sunan ya koma na shugabar mata masu zaman kansu da 'yan bori a garuruwa. Kada mai karatu ya ɗauka cewa jihadi ya zo da ƙin ilimin mata ne, don Shehu Usmanu ɗan Fodiyo cikin Nurul Albabi ya zargi malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta kafa tsarin 'yan taru don karantar da matan ƙauye. Abin da ya ɓace shi ne muƙamin mace a bainar jama'a. Sa'ad da Turawa suka shigo Zariya a 1902, zamanin Sarki Kwasau, fadar da suka tarar ta maza ce zalla, suka gina mulkin En'e a kanta yadda suka same ta. Saukowar nan ta sarautar Magajiya ita ce ta haifi makamin da aka riƙa sukar Gambo da shi bayan shekara ɗari da hamsin, domin ta bar mutane da zaton cewa macen da ke tara mata a fili ba ta da wani suna sai wannan.

Zariyar da aka haifi Gambo a ciki gari uku ce. Akwai Birni a cikin ganuwa, mazaunin sarki da malamai da 'yan asalin gari, inda ba a ba baƙo wurin zama sai da yardar fada. Akwai Tudun Wada a bayan Ƙofar Doka, inda aka zaunar da 'yan Arewa waɗanda ba 'yan gari ba, ma'aikata da 'yan ƙwadago. Sa'an nan akwai Sabon Gari kusa da tashar jirgin ƙasa, wanda ya tashi bayan da hanyar reluwe ta iso a 1911, ya cika da mutanen Kudu da na sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. An haife ta a 1933, aka raɗa mata suna Hajaratu, a ke ce da ita Gambo saboda ta biyo tagwaye. Ubanta, Isa Amarteifio, mutumin ƙasar Gwalkwas ne, watau Gana ta yanzu, safiyo ne da ya zo aikin reluwe, ya musulunta, ya zauna a Zariya. Uwarta Fatima Banufiya ce. Ta yi karatun elemantare a makarantar En'e ta Tudun Wada, amma bai yi nisa ba, don ubanta ya rasu a 1943, uwar ta bi shi bayan shekara uku. Ta na da shekara 13 aka aurar da ita ga wani tsohon soja wanda ya dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu. Ya tafi ya bar ta da ciki, bai komo ba, ta haifi 'ya mace, ita ce kaɗai 'yar da ta haifa. Aure-auren da ta yi daga baya ba su daɗe ba.

Wannan asali ya ba ta abu biyu masu karo da juna. Da ya ke ita 'yar bayan ganuwa ce, marainiya, ba ta da uba ko kawu mai albashi a En'e wanda za a tsoratar da korarsa daga aiki, ba ta kuma da gidan gado a Birni da za a ce za a ƙwace. Abin da ya ɗaure bakin 'ya'yan manyan gidaje bai ɗaure nata ba. Amma kuma shi ne ya ba abokan gaba damar cewa baƙuwa ce, ba ta san al'adar gari ba, ba ta da bakin magana a kan matan Birni.

Zariya ta riga sauran biranen Arewa jin ƙamshin siyasa. A nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairu 1939, Malam Abubakar Imam na edita, a nan kuma Malam Sa'adu Zungur ya tara 'yan boko cikin ƙungiyar zumunta su na tattauna halin ƙasa. Ran 8 ga Agusta 1950 aka kafa NEPU a Kano, aka kira ta da Hausa Jam'iyyar Neman Sawaba, ta fito fili ta ce tsakanin talakawa da masu riƙe da mulkin En'e akwai saɓanin bukata wanda ba ya ɓoyuwa. Gambo ta shiga reshen Zariya ta na da shekara 17, a lokacin da 'yan jam'iyyar ke taro a ɓoye saboda tsoron 'yan doka. Game da laƙabinta akwai ruwaya biyu. Waɗansu sun ce a wajen wata lacca a Zariya, da maza suka noƙe, ita ce ta hau dandamali ta yi magana, Alhaji Gambo Sawaba ya kira ta Sawabiya, sunan ya bi ta. Waɗansu kuwa sun ce Malam Aminu Kano ne ya sa mata bayan an zaɓe ta shugabar matan jam'iyya. Ko wacce aka ɗauka, sunan na jam'iyya ne, ta kuwa riƙe shi har bayan da jam'iyyar ta shuɗe.

Tun da wuri ta yi tafiya Abekuta wurin Uwargida Funmilayo Ransome-Kuti. Wannan mata ita ce ta shugabanci ƙungiyar matan Abekuta da suka tashi a kan harajin da a ke karɓa a hannun mata, suka yi ta zaman dirshan a ƙofar fada har Alake Ademola ya sauka daga gadon sarauta na ɗan lokaci a farkon 1949, aka soke harajin, aka kuma ba mata huɗu kujeru a majalisar riƙon ƙwarya ta ƙasar Egba, ita ma ta na cikinsu. Gambo ta ga da idonta cewa mace na iya zama a majalisar gari. Sai dai hanyar da matan Abekuta suka bi ba ta buɗe ga matan Zariya ba, dalilin kuwa haraji ne. Matar Abekuta ta na biya da hannunta, saboda haka ta na da bakin tambayar inda kuɗinta ke tafiya. A ƙasashen sarakunan Arewa kuwa a kan baligai maza a ke yanka haraji, sa'an nan da aka zo tsara zaɓe sai aka ɗaura ikon ƙuri'a a kan namiji mai biyan haraji. Ta haka mace ta fita daga lissafi ba tare da an sha wahalar kafa hujjar hana ta ba, alhali kuwa sau da yawa kuɗin harajin maigida daga ribar kaɗin zare da ƙuli-ƙuli da furar matarsa ya ke fitowa.

Ko ga maza ma ƙofar ba a buɗe ta ke sosai ba. Zaɓen 1951 hawa-hawa aka yi shi, daga unguwa zuwa gunduma har zuwa lardi, a matakin ƙarshe kuma En'e na da ikon ƙara mutanenta kashi 10 cikin 100 na masu zaɓe, abin da ya sa NEPU ta ci matakan farko a Kano ta fāɗi a na ƙarshe. Dokar En'e ta 1954 ta ba da damar kafa majalisun garuruwa da na gundumomi masu zaɓaɓɓun wakilai, amma a ƙarƙashin sarki da majalisarsa su ke. Duk da haka kujerar ba abin rainawa ba ce, don a nan a ke maganar rumfunan kasuwa da rijiyoyi da magudanun ruwa da tsabtar unguwa, watau abubuwan da suka fi taɓa mata ke nan a zamansu na yau da kullum.

Aikin da jam'iyya ta fi bukata daga Gambo shi ne wanda namiji ba ya iyawa, watau shiga gida. Smith, da ya yi bincike a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, ya rarrabe aure iri uku a bakin mutane, auren kulle da auren tsare da auren jahilai, ya kuma nuna cewa kulle ƙaruwa ya yi bayan hana bauta, don matan da a dā ke noma a gandu sun ɗauki zaman ɗaka alamar 'yanci. Labarin Baba ta Karo, wanda matarsa Mary Smith ta rubuta daga bakin tsohuwar aka buga a 1954, ya nuna yadda matan nan ke da sana'a da ƙawaye da biki da dukiyar kansu a bayan zaure. Saboda haka masu cewa matan kulle ba su san kome ba sun yi kuskure, abin da ba su da shi hanya ce ta kai magana waje. Gambo ta riƙa sallama ta wuce zaure ta zauna da su, ta na maganar auren wuri, wanda ita kanta ta ɗanɗana, da aikin tilas, da harajin zalunci, da sa 'ya'ya mata makaranta. A farkon shekarun 1950 aka aike ta Kano don wannan aiki. Labari ya kai fada, aka kama ta aka gurfanar gaban alkali, aka ɗaure ta, daga baya aka kore ta daga ƙasar Kano aka rako ta Zariya. A na ba da labarin cewa a wani kamun an haɗa ta da mata wajen 200 bisa laifin yin taro ba da izni ba.

Masu ba da tarihinta sun lissafta ɗauri 16 a gidajen yari dabam-dabam. Ba wuya a gane yadda adadin ya kai haka in an duba yadda shari'a ta ke a lokacin. Izinin taro a hannun En'e ya ke, 'yan doka na En'e ne, alkali ma'aikacin En'e ne, gidan yari ma nata ne, lauya kuwa ba ya tsayawa a kotun alkali. Manyan En'e su ne jigajigan NPC, wadda ta zama jam'iyyar siyasa a 1951. Laifin ɓata suna ko zagin sarki kuwa ba shi da iyaka bayyananniya kafin dokar Final Kot ta fara aiki a 1960. Banda ɗauri ta sha duka a hannun 'yan banga, har ta rasa haƙoranta na gaba, an kuma ruwaito cewa an taɓa aske mata kai da fasasshiyar kwalba. Amma abin da ya fi duka yin aiki wajen hana sauran mata binta shi ne suna. An riƙa kiran matan NEPU karuwai a wajen lacca da cikin waƙoƙin siyasa. Gaskiya ne cewa zawarawa da mata masu zaman kansu sun fi yawa cikin waɗanda ke iya fitowa taro, don matar aure ba ta fita sai da iznin miji, haka kuma abin ya ke ga kowace jam'iyya. Sai aka juya sakamakon kulle ya zama hujjar kulle: tun da matan kirki ba su fitowa, duk wadda ta fito ba ta kirki ba ce. Magidanci a Birni, ko da zuciyarsa na tare da Sawaba, zai yi tunani sau biyu kafin ya bar matarsa ta amsa sallamar Gambo.

A 1956 ta ja mata zuwa ofishin Firimiya a Kaduna su na neman a ba matan Arewa ƙuri'a. A shekarar nan ce kuma Malam Isa Wali, ɗan gidan malamai na Kano, ya rubuta maƙaloli cikin jaridar Nigerian Citizen da a ke bugawa a Zariya a kan matsayin mata na gaskiya a Musulunci, ya kawo hujjoji daga cikin littattafan addini, aka yi ta ka-ce-na-ce. Gwamnati ba ta motsa ba. Sardauna, cikin littafin tarihin rayuwarsa na 1962, bai ce abin haramun ne ba. Ya nuna cewa ya na zaton za a kai gare shi wata rana, amma ya saɓa wa al'ada da ra'ayin yawancin mazan Jihar, ba ya so ya zama shi ne mai kawo shi. Adalci ne a faɗa cewa tsoron nan ba na ƙarya ba ne ɗungum, don malamai da hakimai da yawa da gaske su ke ƙi. Sai dai akwai lissafin siyasa a ƙarƙashinsa. A zaɓen Tarayya na 1959 an raba kujeru 312 bisa yawan jama'a, Arewa ta sami 174, Gabas 73, Yamma 62, Ikko 3. An ƙidaya matan Arewa wajen rabon kujerun, amma maza kaɗai suka zaɓi masu hawansu, alhali matan Kudu sun jefa tasu. Jam'iyyar da ke mulki ta sami amfanin yawan mata ba tare da ta ɗauki kasadar ra'ayinsu ba. NEPU kujera 8 ta samu a wannan zaɓe.

Hujjar al'ada kuma ta na da rauni in an leƙa maƙwabta. Dokar da Faransa ta yi wa ƙasashen mulkinta a watan Yuni 1956 ta ba kowane baligi ƙuri'a, mace da namiji, saboda haka Hausawan Maraɗi da Damagaram, masu addini ɗaya da al'ada ɗaya da na Zariya, matansu sun sami wannan iko shekara 20 kafin matan Zazzau. (A can ma jam'iyyar Jibo Bakari Sawaba a ke kiranta, aka kuwa haramta ta a 1959.) Kusa da gida kuma, a ƙuri'ar raba-gardama ta Arewacin Kamaru a watan Fabrairu 1961, Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa sharaɗin mata su jefa, suka jefa, aka haɗe yankin da Nijeriya aka sa masa suna Lardin Sardauna. Da aka gama sai matan Mubi suka koma cikin hukuncin sauran matan Jihar.

Juyin mulkin Janairu 1966 ya rushe jam'iyyu duka, NEPU da NPC. Abin da 'yan siyasa suka ƙi yi soja ne suka yi shi da doka: gyaran ƙananan hukumomi na 1976, zamanin Janar Obasanjo, ya ɗauke mulkin gari daga hannun En'e ya mayar ga majalisu zaɓaɓɓu, a zaɓen ƙarshen shekarar nan kuma aka yarda matan Arewa su jefa ƙuri'a su kuma tsaya takara. Tsarin mulkin 1979 ya tabbatar da haka. Fitinar da aka yi ta tsoro ba ta auku ba, jam'iyyun da suka gaji NPC ma sai ga su su na neman motocin da za su kwaso matan kulle zuwa rumfar zaɓe. Gambo ta na da shekara 43 sa'ad da ƙofar ta buɗe. A Jamhuriya ta Biyu ba ta bi Malam Aminu Kano zuwa PRP ba, ta shiga GNPP ta Alhaji Waziri Ibrahim, ta zama mataimakiyar shugaban jam'iyyar na ƙasa, PRP kuwa ita ta ci gwamnan Kaduna da na Kano a 1979. Malam Aminu ya ɗauki mace, Uwargida Bola Ogunbo, mataimakiyarsa a takarar shugaban ƙasa ta 1983, ya rasu a watan Afrilu kafin a yi zaɓen.

Sauran shekarunta a gidanta na Sabon Gari ta yi su, gidan da ba ya rabuwa da marayu da 'ya'yan riƙo da marasa lafiya da baƙin da ba su da masauki, ta na ɗawainiya da su daga abin da ta samu. Ta rasu a Zariya a watan Oktoba 2001. Jami'ar Bayero ta Kano, birnin da aka taɓa korarta daga cikinsa, ta sa wa wani ɗakin kwanan ɗalibai mata sunanta. A Zariya kuwa babban asibitin gwamnati da ke Ƙofar Gayan, ɗaya daga ƙofofin ganuwar Birni, shi a ke kira Asibitin Hajiya Gambo Sawaba.